Kafin ka tura kuɗin famfon sola zuwa Cadawa, ka tambayi zurfin rijiyar

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar. Layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram, yana cikin waɗanda abin ya shafa, kuma wutar ba ta dawo ba sai a Maris na 2024. Wannan ya isa ya sa ɗan ci-rani daga Cadawa, a gundumar Agye, ya yi tunanin saya wa gida farantan sola da famfon jan ruwa. Sai dai ana yawan sayen kayan ne da kallon lambar da ke jikin kwali kawai.

A kimiyyar fiziks, aiki yana nufin ƙarfin da aka sa, a ninka shi da nisan da abu ya motsa, kuma da jul ake auna shi. Jarka mai lita 20 tana ɗaukar ruwa mai nauyin kilo 20. A ɗauka zurfin rijiya mita 40 ne. Fito da wannan ruwa zuwa baki yana cin jul kusan 8,000, ko mace ce ta ja da guga, ko sa ne ya ja igiya, ko inji. Rijiya ba ta yi wa kowa ragi.

Bambancin yana ga sauri, kuma shi wat ke aunawa: jul ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Sunan ya fito ne daga James Watt, injiniyan Sikotilan da ya kwatanta injinansa da dawaki, inda aka samo "ƙarfin doki" da ake rubutawa a jikin injin ban ruwa. Doki ɗaya kusan wat 746 ne. Mutum mai lafiya, idan aikin na tsawon yini ne, abin da yake iya bayarwa bai wuce kimanin wat 75 ba.

Gidan da ke da dabbobi da ɗan lambu, mai buƙatar lita 2,000 a rana, jarka 100 ke nan, wato jul 800,000. Mutum ɗaya zai shafe kusan awa 3 yana ja ba hutu, ban da nauyin igiya da ruwan da ke zubewa. Duk wannan wahalar ba ta kai rubu'in kilowat-awa ɗaya ba, ma'aunin da NIGELEC ke cajin kuɗin wuta da shi. Abin takaici ne a ga ƙanƙantar makamashin da ke cinye safiyar 'yan mata.

Farantin sola mai wat 300 zai gama aikin cikin kusan awa ɗaya da rabi, ko da rabin ƙarfinsa ya salwanta a waya da mota. Amma wat 300 ɗin an auna shi ne a hasken da ya kai na tsakar rana, faranti kuma ba zafi. Zafin bazara na rage shi, ƙurar hunturu ma haka. Wanda ya haɗa famfo mai wat 750 da faranti guda, famfon ko dai ya ƙi tashi, ko ya riƙa ɗiga.

Akwai wani tarkon a jikin kwali. Ana rubuta iyakar tsawon da famfo ke iya tura ruwa, da iyakar litar da yake bayarwa a awa, amma ba a samun su biyun lokaci guda. Famfon da iyakarsa mita 40 ce, idan aka sa shi ya ɗaga ruwa mita 40, kusan babu abin da zai fito.

Saboda haka kafin a tura kuɗi, a sa wani ya zura igiya ya auna inda ruwa yake tsayawa a ƙarshen rani, ba da damina ba, a ƙara da tsayin tankin da za a ɗora. Da wannan adadi da litar da gida ke sha a rana ake zuwa wurin mai shago.