Tsohuwar Karaya da Kakin Soja

Da zarar rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ta buɗe ɗaukar kurata, samarin unguwarmu sai su fara sammakon gudu a gefen titi. Sun haddace sharuɗɗan: shekara 18 zuwa 22 ga wanda bai zo da sana'a ba, tsawo kada ya gaza mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace, ga kuma takardar sakandare. Abin da ba su sakawa a lissafi shi ne hannun nan da ya karye tun suna firamare, ranar da suka faɗo daga bishiyar mangwaro.

Shi kuwa likitan tantancewa da nan yake farawa. Zai sa ka tuɓe, ka tsaya ƙafa a haɗe, ka tsuguna, ka miƙe, ka buɗe hannuwa. Yana duba gwame da bakan ƙafa, da tafin ƙafar da ya shimfiɗe ba lanƙwasa, da ƙaba, da gwaiwa, da tabon tiyata, da gwiwar hannun da ta ƙi miƙewa sosai. Bayan nan a gwada ido da kunne da jini. Yawancin waɗanda na sani da aka mayar gida suna cewa "ba ni da kowa ne a sama". Wani lokacin da gaskiyarsu. Amma wani lokacin ɗorin gida ne ya kama a karkace, har ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya gajarta, kuma mai ita bai taɓa lura ba domin tana kai shi kasuwa ta dawo da shi.

Zuwa kasuwa daban, Daffo daban. A wannan makaranta ta Zariya, wadda ke horar da kurata tun 1924, watanni ake yi ana gudu da kaya a baya, ana fareti a kan busasshiyar ƙasa. Ƙashin da ya haɗe a karkace ba ya rarraba nauyi daidai, sai gwiwa ko ƙugu su ɗauki abin da ba nasu ba. Ni dai ban ga muguntar likitan da ya hana irin wannan yaro shiga ba. Gara ya yi fushi a gida da ya gurgunce a sati na uku.

Wanda ya ɓoye ciwo ya tsallake kuwa, kansa ya cuta, kuma sai ranar sallama zai gane. Idan soja ya ji rauni, ana fara yi masa magani, masu tsanani a kai su manyan asibitocin soja irin na 44 da ke Kaduna ko na 68 da ke Yaba a Legas. Tun da yaƙin Boko Haram ya ɓarke a 2009, an sha kawo waɗanda nakiyar da aka binne a hanya ta raba da ƙafa, da waɗanda ƙarar fashewa ta kashe wa kunne. In magani ya kai iyakarsa, kwamitin likitoci ne ke zama ya yanke hukunci: ko mutum ya koma bakin aiki, ko a ba shi mai sauƙi kamar na ofis, ko a sallame shi. Tambayar da ta fi nauyi a wannan zama ita ce: a bakin aiki ciwon ya same shi, ko da shi ya shigo? A kan amsarta, da girman naƙasar da aka auna, haƙƙinsa yake ratayawa idan takardunsa suka isa Hukumar Fanshon Soja a Abuja.

Akwai kuma raunin da hoton ƙashi ba ya nunawa: rashin barci, firgita, saurin fushi. Sojoji da yawa na haɗiye shi don kada a ce musu ragwaye, sai ya zama babu shi a fayil.

Saboda haka, iyaye, yaron da ya karye a kai shi asibiti a ɗauki hoto kafin a ɗora, ko da ba soja zai zama ba. Masu tsanani akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Kai kuma da ke cikin kaki, duk raunin da ka ji, komai ƙanƙantarsa, ka tabbata an rubuta shi a ranar, ka kuma ajiye kwafi a gida.