Kafin a yi wa kwamfutarka formatin

A wajenmu nan Mamudo, har ma da cikin garin Potiskum, duk kwamfutar tafi-da-gidanka da ta fara sandarewa magani ɗaya ake rubuta mata: formatin. A goge komai, a zuba sabon Windows, mai ita ya biya ya tafi. Bayan mako biyu ta koma gidan jiya, sai dai yanzu ba hotunan biki, ba takardun makaranta, ba lissafin shago. Ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom ta intanet a bakin titin da ya wuce Damaturu, kuma cikin kwamfutocin da ake kawo mini in duba, waɗanda formatin ne ainihin maganinsu ba su taka kara sun karya ba. Yawanci zafi ne, ko ƙura, ko wuta, ko faifan ajiya da ya tsufa, kuma ba ɗaya cikin waɗannan da sabon Windows ke warkarwa.

Duk wanda ya kawo tasa, abin da zai ce shi ne, "Malam, haka kawai take yi." Ni kuwa kafin in taɓa sukurudireba sai na yi tambaya. Da rana take yi ko da dare? Tana jone da caja ko a kan batir? Da kunnawa, ko sai ta yi rabin awa tana aiki? In an ɗaga ta ko an motsa murfin? Sannan yaya take yi? Akwai wadda allonta ke tsayawa cak amma linzami na motsi, akwai wadda komai ke ƙamewa har sauti ya riƙa maimaita kansa, akwai mai nuna shuɗin allo da rubutu, akwai kuma mai ɗaukewa ɗif ba sallama. Kowace da inda take nunawa. In ta ƙame, danna maɓallin Caps Lock: idan 'yar fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa, injin na da rai, wataƙila wata manhaja ce ta riƙe shi. Idan fitilar ma ta ƙi, abin ya yi zurfi.

Zafi shi ne babban mai laifi a ƙasar nan. Yawancin kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori sun rubuta cewa a yi aiki da su a wurin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba. A watan Afrilu Potiskum kan haura 40 a inuwa, balle ɗakin da aka rufa da kwano ba silin. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, shi ne za ka ga aiki na jan ƙafa. In hakan bai isa ba sai ta kashe injin gaba ɗaya. Mai ita ya ɗauka lalacewa ce, alhali kare kanta ta yi.

Wani malamin firamare ya taɓa kawo mini tasa, wata tsohuwar ThinkPad, ya ce kullum bayan azahar sai ta ɗauke, amma da asuba lafiya lau. Na kai bayan hannuna bakin ramin da iska ke fita, fanka na ta kuka amma iskar ba ta ko motsa takarda. Da muka kwance murfin ƙasa muka ciro fankar, sai ga ƙura ta dunƙule tsakaninta da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi, launin toka, ta haɗu da zare da gashi kamar audugar tsohuwar katifa. Da ɗan tsinke na ɗago ta, ta taso gaba ɗaya a haɗe. Ƙurar hunturu ce ta shekaru. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ma ya bushe ya tsattsage. Muka goge, muka shafa sabo ɗan kaɗan, muka mayar. Ya ce, "Shi ke nan, Malam?" Na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe, sai dai a daina ɗora ta a kan katifa da darduma." Ramukan shan iskarta a ƙasa suke, faranti ko ɗan katako mai shafaffiyar fuska ya ishe ta. Mai son ganin zafin da idonsa ya sauke HWMonitor, kyauta ne, ya lura da lambar tana hawa kafin ta ɗauke.

Wani gargaɗi a nan: masu hura iska da ƙarfi cikin ramin ba tare da riƙe fankar ba, suna iya sa ta juya fiye da ƙima ta lalace, kuma sau da yawa ƙurar ciki kawai suke ƙara turawa.

Sai wuta. Mu nan rabin aikinmu a kan janareta da sola yake, kuma ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi, musamman in an jona masa firinta ko injin hoto. Caja ta asali na iya shanye wannan. Matsalar ita ce yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, 'yan gwanjo da ake saukewa a Legas su bi ta Kano su iso mana, kuma ba kasafai suke zuwa da cajarsu ta gida ba. Cajar da ba ta kai ƙarfin da injin ke buƙata ba takan sa shi ɗaukewa daidai lokacin da aiki ya yi nauyi, ko linzami ya riƙa tsalle shi kaɗai. A juya kwamfutar a karanta abin da aka rubuta a ƙasanta, a gwada da na jikin cajar; in ta ce wat 65 ko 90 take so, kada a ba ta 45. Gwajin ma ba wuya: a yi yini a kan batir kawai, a yi wani da cajar aro. Batir ɗin kuma in ya kumbura har ya tura allon taɓawa sama, wannan ba na jira ba ne, a cire shi nan take, don yana iya kamawa da wuta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne faifan ajiya. Tsofaffin kwamfutoci da faifai mai juyawa suke zuwa, yana zagaye sau 5,400 a minti ɗaya, da ɗan hannu siriri yana karatu a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Yaro ya rufe murfin kafin ta gama kwanciya, ya jefa a jaka, ya hau babur zuwa Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, kowane rami a hanya faifan ne ke sha. Alamarsa ita ce tsayawa na daƙiƙa talatin ko minti ɗaya sannan a ci gaba, wani lokaci da ɗan ƙaran ƙas-ƙas. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe; in ka ga faifan na kan kashi 100 alhali ba abin da kake yi, akwai magana. CrystalDiskInfo kuma na karanta rahoton da faifan ke ajiyewa game da lafiyarsa, in ya nuna ruwan ɗorawa ko ja, to kwashe takardunka a ranar, kafin kowane gyara. Irin wannan faifan ne formatin ke ƙarasawa, don zuba sabon Windows aiki ne mai nauyi. Maganinsa canji, kuma a canza da SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa. A ganina babu kuɗin da mai tsohuwar kwamfuta zai kashe ya ga amfaninsa kamar wannan.

RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi da injin ke aiki da ita, ba ta da dogon bayani. In gigabait 4 ce, aka buɗe shafuka goma sha a Chrome, dole ta yi nishi. Ƙari take so. In kuwa shuɗin allo ke fitowa ba tsari, a cire batir, a zare RAM ɗin, a goge haƙoranta na zinare da abin goge fensir, a mayar har ta yi ƙas. In guda biyu ne a gwada ɗaya-ɗaya. Windows na da nasa abin gwajin, Windows Memory Diagnostic.

Shuɗin allon nan da mutane ke tsoro, ni murna nake da shi, don shi kaɗai ne ke faɗin abin da ke damun injin. A ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. MEMORY_MANAGEMENT na nuni ga RAM sau da yawa, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR na nuni ga kayan ƙarfen ciki ko zafi, in kuma an ga sunan fayil mai ƙarewa da .sys, to direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na injin. Ko an rasa hoton, a rubuta reliability a gurbin bincike, za a ga jadawalin kwanaki da jajayen alamomi a ranakun da ta faɗi, da abin da aka zuba mata kafin nan.

Ba ina cewa manhaja ba ta laifi ba ne. Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawa guda ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 cikin shuɗin allo a duniya, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Namu na gida ƙanana ne: manhajar kashe bairos biyu a inji ɗaya suna kokawa, bairos ɗin filas da ke yawo daga shago zuwa shago yana mai da fayiloli gajerun hanyoyi, da Windows ɗin da aka yi wa kutse aka cusa masa abin da ba a sani ba. Ga kuma Windows 10, wanda Microsoft ta daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali da yawa cikin injinanmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Hanyar raba gardama ita ce a tashi kwamfutar da wani abu daban. A kunna ta a Safe Mode, inda Windows ke tashi da 'yan direbobi kaɗan, ko a ɗora Ubuntu, wani tsari da ba Windows ba, a filas a tashe ta da shi ba tare da an zuba komai a faifan ba. In ta yi yini lafiya a haka, kuma faifan lafiyarsa ƙalau, mai yiwuwa laifin na manhaja ne, a cire abin da aka zuba na baya-bayan nan, in ya ƙi sai a kwashe takardu a yi formatin ɗin da hujja. In ta ƙame a can ma, to ƙarfe ne.

Akwai kuma wadda an share ta, an canza faifai da RAM da caja, amma da an ɗaga ta ta gefe ɗaya sai ta ɗauke. Wannan babban allon ciki ne ya tsage ko dalmarsa ta saki, aikin masu na'urar dalma ne, kuma sau da yawa sai an kai Kano. A tambayi kuɗin gyaran tukuna a gwada da farashin wata ta hannu. In bai ci ba, a zare faifan a saka shi cikin 'yar kwalin da ke jonawa ta USB, yawanci takardun za su buɗe a wata kwamfuta.