Zoben da ke Cikin Magarya

Duk wanda ya bi hanyar Tambuwal zuwa Kebbe ba zai rasa ganin magarya da kurna a gefen gonaki ba. Yara na tsintar 'ya'yansu, ana wankan gawa da ganyen magarya, masu magani kuma na jiƙa ɓawonta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin wannan ɓawo akwai wasu sinadarai masu siffar zobe, waɗanda suka daɗe suna ba masana kimiyya wahala.

Asalin al'amarin daga amino asid yake, watau ƙananan tubalan da ake gina tsokar jiki da su. Idan 'yan kaɗan daga cikinsu suka jeru kamar 'ya'yan carbi a zare, sai a kira jerin feftayid. Jerin da bakinsa biyu suke sake yana lanƙwashewa yadda ya ga dama, kuma sinadaran narkar da abinci kan kama shi ta baki su daddatse. Amma in an ƙulla kai da wutsiya, siffarsa ta tsaya ke nan, ba kuma bakin da za a kama. Siffa kuwa ita ce aiki, domin magani kamar mabuɗi yake, sai ya dace da kwaɗonsa. Saikulosforin, wanda ake ba mutanen da aka yi wa dashen ƙoda, zobe ne mai amino asid 11.

A shekarar 1972, Rudolf Tschesche da abokan aikinsa na Jami'ar Bon a Jamus suka fitar da irin wannan zobe daga magarya, suka raɗa masa suna moritin. Atam 14 ne suka kewaye shi, kuma ba amino asid zalla ba ne, akwai wani guntu mai tauri da ya cike da'irar. Taurin nan ya sa zoben yake a ɗame, tamkar ɗanyen reshe da aka tanƙwara da ƙarfi.

Nan ne wuyar haɗa shi take. Idan jeri ya yi yawa a ruwa kaɗan, kowane sai ya kama wutsiyar maƙwabcinsa, a sami doguwar sarƙa maimakon zobe. Dabarar ita ce a riƙa ɗiga jerin kaɗan-kaɗan cikin ruwa mai yawa, ta yadda ba zai tarar da wata wutsiya ba sai tasa. Da irin wannan haƙuri ne Ulrich Schmidt a Jamus da Madeleine Joullié a Amurka suka ƙulla zobban wannan dangi a shekarun 1980.

Gwaji ya nuna wasunsu suna hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, ko da yake ƙarfinsu bai kai na maganin asibiti ba, don haka da sauran bincike. Amma bincike ba ya yiwuwa sai itacen na tsaye. Abin da masani ke shafe shekaru yana ƙullawa, magarya na yin sa da ruwan damina da hasken rana kawai. Ya kamata ma'aikatan gandun daji da masu saran itacen girki su san abin da gatari yake kayarwa.