Likita na birni, majinyaci na ƙauye

Ciwon zuciya ba na mutanen birni kaɗai ba ne. Yana kama manomi a gona, yana kama mace a bakin rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a shekara ta 2019. Fiye da kashi uku cikin huɗu sun mutu ne a ƙasashe masu tasowa.

Likitocin zuciya kaɗan ne, kuma a manyan birane suke zaune. A ƙasar Kamaru, wajen shekara ta 2012, ba su kai 50 ba, mutane kuwa sun zarce miliyan 20. Yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Kafin talaka ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota, ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ganin haka, wani saurayi injiniya ɗan Kamaru, Arthur Zang, ya ƙera wata na'ura mai suna Cardiopad. Girmanta bai fi allon ɗan makaranta ba. Ga yadda take aiki: ma'aikacin jinya na ƙauye zai manna wa majinyaci ƴan faifai a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Na'urar za ta zana bugun zuciyarsa, ta aika zanen ta layin salula. Likita a birni zai karanta, ya maido amsa: ga ciwon, ga maganin, ko kuwa a kawo majinyacin babban asibiti da gaggawa. Zane ne ke tafiya, majinyaci yana zaune garinsu. A shekara ta 2016 an ba Zang babbar lambar yabo ta injiniyoyin Afirka.

Amma na'ura awo take yi, ba ta warkarwa. Kuma ba ta ganin wanda ya kwanta a ɗaka ya ƙi zuwa gidan likita.

Saboda haka, ƴan'uwa, mu riƙa zuwa awon jini ko muna jin lafiya, don hawan jini ba ya sallama. In awo ya kai 14 bisa 9, a nemi shawarar likita. A rage gishiri, a bar taba. Wanda ke jin nauyi a ƙirji, ko haki, ko kumburin ƙafafu, kada ya jira sai an gama girbi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.