Ranar Da Mutum Shida Kaɗai Suka Shige Ƙofar Inshora A Amurka

Ran Talata 1 ga watan Oktoba na shekarar 2013, Gwamnatin Amurka ta buɗe wani shafi na intanet mai suna HealthCare.gov, inda aka ce duk wanda ba shi da inshorar lafiya ya je ya zaɓi wadda ta dace da aljihunsa. Shafin nan shi ne ƙofar dokar kiwon lafiya wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2010, kuma jihohi 36 ne suka dogara gare shi. Tun da asuba miliyoyin mutane suka yi masa ca. Da gari ya waye kashegari, ma'aikata suka zauna lissafi, sai aka tarar mutum shida tak suka iya kammala rajista. A ƙarshen rana ta biyu adadin ya kai 248.

Kafin mai karatu ya gane inda gizo ya yi saƙa, ya kamata ya san yadda irin waɗannan shafuffuka suke aiki. Duk lokacin da mutum ya latsa wani wuri a shafi, ko ya cika suna ya aika, na'urarsa takan tura wani ɗan saƙo na buƙata zuwa ga babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ake kira uwar garke. Ita kuma sai ta duba ma'ajiyarta, wani lokaci ta tambayi wasu na'urori, sa'an nan ta mayar da amsa. Idan buƙatun suka fi ƙarfinta sai su yi layi, layin ya yi ta tsawo, har ta kai ga mai jira bai ga kome ba sai farin allo.

To, masana wannan sana'a suna da hanyar sanin ƙarfin shafi tun kafin a buɗe shi, kamar dai yadda injiniyoyi sukan jera manyan motoci maƙare da kaya a kan sabuwar gada su auna ko za ta lanƙwasa. Sukan sa wata manhaja, irin su JMeter ko LoadRunner, ta yi shigar burtu ta zama kamar mutane ɗari, ko dubu, ko dubu hamsin, kowanne yana buɗe shafi, yana cika takarda, yana aikawa. Ana ƙara yawan mutanen nan na ƙarya sannu a hankali, ana lura da daƙiƙa nawa amsa take ɗauka, da kuma buƙatu nawa suke komowa da kuskure, har a ga inda abin ya karye. Akan kuma aika buƙatun da aka gurɓata da gangan, watau ranar haihuwa marar ma'ana ko suna mai tsawon tsiya, don a ga ko shafin zai ƙi su cikin ladabi ko kuwa zai rikice.

Shin ba a yi wa shafin Amurka irin wannan gwaji ba ne? An yi, sai dai an yi shi ne a ƙurarren lokaci. Kamfanoni fiye da hamsin suka raba aikin ginin, kowa da nasa sashe, babbansu kuwa shi ne CGI Federal, hukumar gwamnati mai suna CMS ita ce ta ɗauki nauyin haɗa sassan. Da aka kira wakilan kamfanonin gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilai ran 24 ga Oktoba, sai suka shaida cewa gwajin da ake haɗa dukkan sassa a bi su daga farko har ƙarshe, mako biyu kafin buɗewa aka fara shi, alhali kuwa watanni ya kamata a ba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin takaicin shi ne gwajin bai ɓoye kome ba. Kwanaki kaɗan kafin buɗewa an tura wa shafin mutanen ƙarya 'yan ɗaruruwa, ya durƙushe. Wata takarda da majalisa ta fitar daga baya ta nuna cewa a jajibirin ranar, da an kai mutum 1,100 a lokaci guda sai amsa ta fara jan ƙafa. Ga shi kuwa an yi tsammanin mutum 50,000 zuwa 60,000, waɗanda suka zo kuma, bisa ga faɗar mashawarcin shugaban ƙasa kan fasaha, Todd Park, sun kai 250,000. Na'ura ta faɗi gaskiya, amma an riga an yi shelar rana, ba a kuwa ɗaga ta ba.

Daɗin daɗawa, ana dab da buɗewa aka yanke shawarar cewa ba wanda zai ga farashin inshora sai ya fara yin rajistar sunansa. Saboda haka mai niyyar saye da mai leƙe kawai, duk suka cunkushe a ƙofa guda, ita ce kuwa ta fara toshewa.

Wannan ba wasan yara ba ne ga talakawa. Dokar a wancan lokaci ta tanadi tara ga wanda ya zauna babu inshora, wasu kuma kamfanoni sun riga sun aika musu takardar soke tsohuwar inshorarsu, ga shi 1 ga Janairu tana ƙaratowa. A cikin watan farko duka, mutum 26,794 ne suka samu shiga ta shafin na tarayya. Sakatariyar lafiya Kathleen Sebelius ta nemi gafarar jama'a a gaban majalisa ran 30 ga Oktoba.

Gyaran da aka yi ya bi ta wata hanya dabam. Aka naɗa Jeffrey Zients ya shugabanci aikin, aka kuma ɗauko ƙwararru daga waje, cikinsu har da Mikey Dickerson na kamfanin Google. Da suka iso sai suka tarar babu ko allo guda da zai nuna halin da shafin yake ciki gaba ɗaya, don haka abin da suka fara kafawa ke nan. Yanzu ba sauran buƙatar ƙirƙiro mutane, tun da ga na gaske nan suna ta ƙwanƙwasawa dare da rana. Sai aka riƙa bin sawun buƙatunsu ɗaya bayan ɗaya, a ga wadda ta maƙale da inda ta maƙale, a gyara, a sake dubawa. Irin wannan gwaji da buƙatun gaske ya fi kowane gwaji faɗin gaskiya, domin ɗan Adam yakan yi abin da mai tsara gwaji bai taɓa zato ba, kamar ya latsa wuri ɗaya sau goma don haushi, ya ninka wa na'ura kaya. Illarsa ita ce duk kuskuren da aka gano, a jikin wani bawan Allah aka gano shi. Shi ya sa manyan kamfanoni sukan fara buɗe sabon abu ga kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na masu hulɗa da su, ko kuma su kwafi buƙatun gaske su tura wa sabuwar na'ura a ɓoye, su gwada amsarta da ta tsohuwa.

Ran 1 ga Disamba gwamnati ta ba da sanarwar cewa an gyara kurakurai fiye da 400, jiran amsa ya sauko daga daƙiƙa 8 zuwa ƙasa da 1, shafin kuma yana iya ɗaukar mutum 50,000 a lokaci guda. Aka ƙara masa ɗakin jira, inda idan cunkoso ya yi yawa mutum zai bar adireshinsa a aiko masa da saƙo ya komo. Kafin a rufe rajista a Afrilu 2014, mutane fiye da miliyan 8 sun zaɓi inshora ta shafin tarayya da na jihohi. A cikin watan nan ne Sebelius ta ba da sanarwar yin murabus, aikin kula da shafin kuwa an riga an karɓe shi daga hannun CGI Federal an miƙa wa kamfanin Accenture.