Motar da Baƙin Manta Ke Ƙaruwa

Kowane direba ya san baƙin mai raguwa yake yi. Injin ya ƙone kaɗan, ko ya ɗiga a ƙasa, sai a ciko. To, a wata majalisar masu son motoci da ke zama bakin titin Sakkwato zuwa Jega a Bodinga, an sami motar da nata ƙaruwa yake yi, kuma da hunturu kaɗai.

Gardamar majalisar ta girmi wannan al'amari. Gefe guda akwai wani Alhaji da ya sayi ƙaramar jif 'yar Kwatano, injin lita 1.5 mai turbo. Yabonta ba ya ƙarewa a bakinsa: tana shiga rairayin hanyoyin Danchadi da Dingyadi cikinta bai gogi ƙasa ba, ga saurin tashi, ga rashin shan fetur, abin da kowa ke lissafi tun da aka cire tallafi a 2023. Ɗaya gefen wani ma'aikaci ne ɗan Shagari mai tsohuwar Camry, wanda kullum yake ratsa Bodinga zuwa aiki a Sakkwato. Su kuwa dattawa, a wurinsu tun daga Fijo 504 ta Kaduna ba a sake yin mota ba.

Wata safiyar Disamba Alhaji ya zaro sandar awon mai, ya tarar man ya haura alamar sama da faɗin yatsa. Yaron gareji aka fara zargi, wai ya zuba fiye da kima. Aka juye, aka zuba sabo a gaban Alhaji daidai alama. Bayan 'yan makonni man ya sake haurawa, yaro ya fita daga zargi.

Sai aka ce ruwa ne, gaskit ya ƙone, ruwan lagireto na shiga injin. Amma man da ruwa ya shiga yakan koma kalar shayi mai madara, wannan kuwa baƙi ne, kuma ruwan lagireto bai ragu ko kaɗan ba.

Mai Camry ya ce ƙura ce, kuma yana da hujja. Turbo fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti, tana cusa wa injin iska. Hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana toshe filtar iska, idan kuma mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi har ta huje, ƙurar ta wuce ta cinye fikafikan turbon. An buɗe, filtar ta toshe, an sauya, motar ta ƙara kuzari. Sai dai ƙura ba ta cika tukunyar mai.

Wani tsohon bakanike ne ya warware rabin zancen da hancinsa. Ya lakaci man, ya murza a yatsu, ya sansana.

"Alhaji, wanga ba mai ba ne zalla. Hetur na ciki."

Ta ina ya shiga? Aka gwada nozul-nozul da famfon fetur, babu mai yoyo. Aka ambaci 'yan bumburutu, sai aka tuna gidan mai ɗaya motocin biyu suke sha.

A nan ne bambancin injinan ya fito. Tsohuwar Camry tana fesa fetur a bakin bawul, ya gauraya da iska kafin ya shiga silinda. Yawancin ƙananan injina masu turbo na yanzu kai tsaye suke fesa shi cikin silinda da matsi mai ƙarfi. Idan ƙarfen yana da sanyi, wani ɓangare na fetur ɗin ba ya zama tururi, sai ya kwanta a bangon silinda, ya zurara ta gefen fistin zuwa cikin baƙin mai. In injin ya ɗau zafi sosai ya daɗe a haka, fetur ɗin yakan ƙafe ya fita. In bai ɗau zafi ba, sai ya taru, mai ya tsinke, turbon kuwa na cikin abubuwan da ke shan wahala. Duniya ta san wannan ciwo: a 2018 masu CR-V mai injin turbo a arewacin Sin sun yi ta kuka da shi har Honda ta kira motocin gyara, a Kanada da jihohin Amurka masu sanyi kuma ta sauya tsarin kwamfutar motar don injin ya riƙa ɗumama da wuri.

To amma can ƙanƙara ke zuba. Sanyin asubar hunturu a Bodinga, komai tsananinsa, ruwa ba ya daskarewa, da rana kuma zafi yakan kai digiri 30. Me zai hana injin ɗaukar zafi?

Bakaniken ya lura da abin da kowa ke gani kullum: Alhaji yana tuƙi da rigar sanyi da rawani, gilasai a rufe. Ya tambaye shi me ya hana shi kunna hita. Alhaji ya ce ai tun da ya sayi motar hitar ba ta aiki, iska mai ɗan ɗumi kawai take bayarwa. Hitar mota kuwa daga ruwan injin take samun zafinta. Aka kwance bututun lagireto, mazaunin tamostat wayam. An cire shi, an kuma haɗa fanka kai tsaye, da an murza makulli take juyawa. Wannan al'ada ce a garejinmu: mota na saukowa a ce tamostat na ƙasar Turawa ne, a jefar, don tsoron zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. A ganina ba ta da amfani ko a Afrilun, domin tamostat mai lafiya buɗewa yake da kansa in ruwa ya haura digiri 80. Aikinsa shi ne tsare ruwa a cikin injin har ya yi zafi. Babu shi, ruwan na zagaya lagireto tun daga tashi, fanka na hura masa iskar hunturu.

Saura tambaya ɗaya, domin da aka duba Camry ita ma an cire nata. Amsar na cikin zirga-zirgar mutanen biyu. Mai Camry yana tafiya mai nisa daga Shagari zuwa Sakkwato ya dawo, injinsa na samun lokaci. Alhaji kuwa galibi daga gida sai masallaci sai kasuwa, duk cikin Bodinga, ga kunna mota a tsaye kowace asuba wai tana ɗumama, alhali injin da ba ya jan kaya a hankali yake yin zafi, yana ta zuba fetur.

An sa sabon tamostat, mai wayarin ya mai da fanka hannun kwamfuta, aka juye mai. Bakanike ya ce a riƙa tashi bayan minti guda a tafi a hankali, a kuma riƙa leƙa Sakkwato ko Yabo da ita a mako. Man ya tsaya a alamarsa har hazo ya wuce, hita ta kama aiki.

Ga mai yawon cikin gari wanda garejinsa na ƙarƙashin bishiya, ni salun mai injin da ba turbo zan ce ya saya, domin tana jure ganganci. Mai shiga ƙauyuka yana da hujjar jif, muddin zai juye mai kan lokaci ya bar filta ba hurawa. Mai Camry dai ya ƙi mayar da nasa tamostat ɗin, ya ce sai bayan bazara.