Barkwancin da Ke Ɓoye Cikin Google

Gabatarwa

Kafofin watsa labarai na Hausa kan kira Google da sunan "shafin matambayi ba ya ɓata". Laƙabin ya dace, domin aikin wannan shafi shi ne ya karɓi tambaya, ya nuna wa mai ita inda amsa take a cikin intanet. Yawancin masu amfani da shi suna ɗaukarsa a matsayin na'ura kurum, wadda ba ta san raha ba. To amma wanda ya daɗe yana hulɗa da shi ya san akwai wasu kalmomi waɗanda in an rubuta su sai shafin ya karkace, ko ya wulwula, ko ya mayar da amsar zolaya. Wannan maƙala za ta yi bayanin asalin waɗannan wasanni da ire-irensu, sannan ta duba abin da suke koya wa ɗalibin harshe.

Asalin Al'adar

Masana kwamfuta suna kiran irin wannan ɓoyayyen wasa "ƙwan Ista". Sunan ya samo asali ne daga wata al'ada ta ƙasashen Turai da Amurka, inda a lokacin bikin Ista manya ke ɓoye ƙwai masu launi a cikin gida ko lambu, yara su yi ta nema. Labarin da ya fi shahara game da shigar al'adar cikin duniyar kwamfuta shi ne na Warren Robinett, ma'aikacin kamfanin Atari. A wancan zamani kamfanin ba ya sa sunayen masu ƙirƙira a jikin wasanninsa, saboda haka Robinett ya gina wani ɗaki na sirri a cikin wasan Adventure, wanda ya fito a 1980, ya rubuta sunansa a ciki. Wato tun farko ƙwan Ista hanya ce da ma'aikaci ke bi ya sanar da duniya cewa mutum ne ya yi wannan aiki.

Kamfanin Google ya gaji wannan ɗabi'a tun daga sunansa. Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai a Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, su ne suka kafa shi a 1998, kuma sun ciro sunan ne daga kalmar lissafi "googol", wato lamba 1 da sifiri 100 a bayanta. A watan Agusta na wannan shekara, da za su tafi bikin Burning Man a hamadar Nebada, sai suka zana ɗan mutum-mutumin bikin a bayan harafin "o" na biyu a tambarin shafin, domin jama'a su san masu gida ba sa nan. Wannan shi ne mafarin zanen da ake kira Doodle, wanda ke sauya kamannin tambarin a ranakun tunawa da mutane ko bukukuwa. A ranar 21 ga Mayu 2010 aka mayar da tambarin wasan Pac-Man da ake iya bugawa, don murnar cikar wasan shekara 30. Nijeriya ma ta sami rabonta: an karrama marubuci Chinua Achebe a 2017, sannan a 2022 aka karrama Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane wadda hotonta ke jikin takardar naira 20.

Wasa da Kalmomi da Alƙaluma

Mafi yawan wasannin an ɗaure su ne da wata kalma ta Ingilishi, ta yadda shafin zai aikata abin da kalmar ke nufi. Alal misali, kalmar "askew" tana nufin karkatacce; in an neme ta sai shafin ya ɗan jirkice kamar hoton da aka rataye ba daidai ba. In kuwa aka rubuta "do a barrel roll", sai shafin ya yi juyi guda cikakke kafin ya tsaya. Wannan ya bayyana ne a 2011, kuma an ɗauko shi daga wasan jiragen yaƙi na kamfanin Nintendo mai suna Star Fox 64, na shekarar 1997.

Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan zurfi. Kowa ya san cewa in mutum ya yi kuskuren rubutu, Google kan tambaye shi ko wata kalma yake nufi. Injiniyoyin sun mayar da wannan gyara abin wasa. Kalmar "recursion" tana nufin abin da ke komawa kan kansa ba iyaka, kamar madubi biyu da ke fuskantar juna. Wanda ya neme ta sai a tambaye shi ko "recursion" yake nufi. In ya latsa, a sake yi masa tambayar, har sai ya gane cewa an riga an ba shi ma'anar kalmar a aikace. Haka nan "anagram", wato sauya wa haruffan kalma wuri don a sami wata, kamar yadda "kasa" ke komawa "saka". Mai neman wannan kalma sai a tambaye shi ko "nag a ram" yake nufi, wato a dami rago da mita. Maganar ba ta da kan gado, amma haruffan dai su ne.

Na'urar lissafin da ke cikin shafin ita ma an koya mata raha. In aka tambaye ta da Ingilishi amsar rayuwa da sararin samaniya da kome da kome, sai ta ce 42. Wanda bai san littafin barkwancin nan na Douglas Adams na 1979 ba, The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, ba zai ga abin dariya a nan ba. A cikinsa ne wata ƙatuwar kwamfuta ta shafe miliyoyin shekaru tana tunani, daga ƙarshe ta ba da wannan amsa. Son wasa da alƙaluma bai tsaya a shafin ba. A 2004, lokacin da kamfanin zai fara sayar da hannun jari ga jama'a, ya rubuta a takardun hukuma cewa yana neman dala 2,718,281,828. Masu lissafi suka gane nan take cewa alƙaluman farko ne na lambar da ake kira "e".

Ranar 1 ga Afrilu

A ƙasashen Turawa ranar 1 ga Afrilu rana ce ta ƙaryar wasa. Google ya shiga wannan al'ada a shekarar 2000 da sanarwar MentalPlex, wadda ta ce mutum ya zuba wa allo ido kawai, na'ura za ta karanta abin da ke zuciyarsa. A 2002 kuma ya ce ai tattabaru ne ke zaɓo masa sakamakon bincike. Yawan wasa ya sa da ya ƙaddamar da Gmail ranar 1 ga Afrilu 2004, da ma'ajin gigabayit 1 kyauta, a lokacin da abokan hamayyarsa ke ba da megabayit 2 ko 4, mutane da yawa suka ɗauka zolaya ce.

Sai dai wasa yana da iyaka. A 2016 kamfanin ya sa wani maɓalli a kusa da maɓallin aika saƙo na Gmail, wanda ke liƙa hoton ban dariya a jikin wasiƙa, ya kuma ɓoye duk amsar da za ta biyo baya. Wasu suka latsa shi bisa kuskure a wasiƙun aiki da sauran saƙonni masu muhimmanci. Ba a kai ƙarshen ranar ba sai da aka cire shi, kamfanin ya nemi afuwa. A 2020 kuwa, saboda annobar korona, ya dakatar da wasannin wannan rana.

Wasan da Ba a Shirya Ba

Wani nau'in abin mamakin ba daga injiniyoyi ya fito ba, daga jama'a ne, kuma shi ya fi tona asirin yadda injin ke aiki. Dabarar da Google ya fara da ita, mai suna PageRank, tana ɗaukar kowace mahaɗa daga wani shafi zuwa wani a matsayin ƙuri'a. Bugu da ƙari, injin yana duba kalmomin da aka rubuta a jikin mahaɗar don ya san abin da shafin ya ƙunsa. Da mutane suka fahimci haka, sai suka ga in sun haɗa kai za su iya liƙa wa kowane shafi sunan da suka ga dama. A 2003 masu adawa da shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, suka yi ta haɗa kalmomin "miserable failure", wato mummunar gazawa, da shafin tarihinsa na fadar White House, har ya zama shi ne sakamako na farko. Sai a watan Janairu 2007 kamfanin ya gyara tsarinsa don rage irin wannan. Darasin a fili yake: abin da ya zo a saman shafi ba lallai ne ya zama gaskiya ba, yana iya zama abin da mutane da yawa suka nanata.

Ina Matsayin Hausa?

Tun farkon shekarun 2000 Google ya sa harsunan wasa a jerin harsunansa, ciki har da Klingon, harshen da aka ƙirƙira don finafinan Star Trek, da Pig Latin, wanda ya yi kama da zaurancen da yaran Hausawa ke yi don ɓad da sawu. Ita kuwa Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google a watan Disamba 2013, tare da Ibo da Yarabanci da Somaliyanci da Zulu. Amma barkwanci ba ya bin fassara cikin sauƙi. Wasan "nag a ram" ba ya tsira in an fitar da shi daga Ingilishi, kamar yadda karin maganar Hausa ko wasan taubasai ke rasa armashi in an juya su kalma da kalma zuwa wani harshe.

Hausa kuma tana da nata abin mamakin a wajen bincike, wanda ya kamata ɗalibi ya kula da shi. Marubuta da yawa a intanet ba sa amfani da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Saboda haka "fada" ta sarki da "faɗa" na rigima suna iya zuwa da kama ɗaya, haka ma "baki" da "baƙi", ko "kasa" da "ƙasa". Tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, ruɗanin sai ya ƙaru. Dabara ita ce a nemi kalma ta fuskoki biyun, a kuma haɗa ta da wata kalmar da za ta fayyace ma'ana.

Kammalawa

An cire wasu daga cikin wasannin Google, an ƙara wasu, saboda haka kada mai karatu ya yi mamaki in ya gwada ɗaya ya ga shiru. Abin da bai sauya ba shi ne, mutane ne suka gina injin, kuma sun zuba masa harshensu da littattafan da suka karanta da wasannin da suka yi suna yara. Wanda ya gane barkwancinsu ya gane wani abu na al'adarsu. Haka abin yake ga mai koyon Hausa: ranar da ya yi dariya a inda Bahaushe ya yi, ba tare da an yi masa bayani ba, ranar ce zai san harshen ya fara zama nasa.